Jan biron da COX-2 ya jawo mini

A shekarar ƙarshe ta karatunmu aka ba ni bincike a kan wani enzayim, wato furotin mai hanzarta haɗa sinadarai a jiki, mai suna COX-2. Ranar da na fara leƙa yankan hanji ta madubin likita, ɓangaren da ke lafiya da ƙyar rinin da ake sa wa don gano enzayim ɗin ya kama shi, amma inda sankara ta fara, launin ƙasa-ƙasa ya cika wurin kamar an kifar da shayi. Launin nan shi ke nuna enzayim ɗin ya yi yawa.

Aikinsa shi ne haɗa sinadarai irin su PGE2, mai kawo zafi da kumburi. Idan kumburi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamar a masu gyambon babban hanji na shekara da shekaru, sinadarin nan kan zuga ƙwayoyin bangon hanji su yi ta hayayyafa, ya hana lalatattun mutuwa, har ya jawo musu sabbin jijiyoyin jini. Shi ya sa likitoci ke fara leƙa hanjin irin waɗannan marasa lafiya da na'ura bayan kamar shekara 8 da fara ciwon.

Da na karanta wannan sai na ga ai magana ta ƙare. A babi na biyu na rubuta cewa a toshe COX-2 kawai, kowa ya huta. Malamin da ke duba aikina ya zagaye jimlar da jan biro, ya ce, "'Yata, je ki karanto labarin Vioxx, sannan ki dawo."

Kunya ta ishe ni. Vioxx maganin rage zafi ne mai toshe COX-2. Kamfanin Merck ya janye shi daga kasuwa a Satumbar 2004, kuma a gwajin hana tsiro a hanji ne asirin ya tonu: bayan wata 18 ana sha, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka ƙaru. Ashe enzayim ɗin da na yanke wa hukunci shi ke haɗa sinadarin da ke hana jini daskarewa a jijiya. Har warkewar gyambon hanjin ma da hannunsa a ciki, abin da ya sa ibufurofen da dikulofenak, waɗanda su ma ke toshe enzayim ɗin, kan tayar wa wasu masu gyambon da ciwonsu. Ga su kuwa a kowane kemis ana saye kamar gyaɗa.

Sati biyu na yi ina sake babin. Da na mayar, malam ya karanta shiru, ya ɗaga kai ya ce, "To, asfirin fa? Ina kika baro shi?"