Asabar a falon Kawu, da reza da zaren tef

Asabar, bayan isha'i.

Niyyata yau in rage wankin da ya taru in kwanta in huta, amma ko kokon safe ban gama sha ba wayar Kawu ta shigo. Gaisuwar ma a tsaitsaye aka yi ta. Ya ce, "Kai, zo ka duba min talabijin ɗin nan, ta ƙi jituwa da na'urar faifai." Na ce to Kawu, ga ni nan tafe. Hazo ya rufe gari ruf, mai keken da ya ɗauke ni daga Kawo ya naɗe fuska da rawani sai ido kawai, ni kuwa na fito ba rigar sanyi, na sha iska har Unguwar Rimi.

Matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Sabuwar talabijin ba ta da ramukan nan uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, tsohuwar DVD kuma ba ta san wani abu HDMI ba. Na fita na sayo ɗan akwatin da ke ɗaura musu aure, cikin minti goma hoto ya fito. Na miƙe zan yi sallama, Kawu ya nuna kujera da sandarsa. "Zauna. Ina za ka? Ai yanzu aka fara."

Ashe kwali guda Yaya ya aiko masa da shi daga Ingila, cike da faya-fayan wani shiri mai suna Classic Albums, wanda aka fara nunawa a talabijin a 1997. Kowane kashi kusan minti 50 ne, kuma kundin waƙoƙi ɗaya tak ake ɗauka a feɗe shi. Ana nemo mawaƙan, yawancinsu sun yi furfura, a nemo injiniyan da ya ɗauki sautin, a fito da ainihin tef ɗin daga ma'ajiya, a zaunar da su gaban teburin haɗa sauti. Sai ka ga mutum ya ja maɓallai ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ganga ta ɓace, jita ta ɓace, a bar murya ita kaɗai tsirara har kana jin jan numfashin mai ita. Ni kiɗan rock bai taɓa damuna ba, gaskiya. Amma wurin jan maɓallin nan ya kama ni tun karon farko.

Kawu kuwa gida aka zo masa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a ɗakin sarrafa sauti na gidan rediyo kafin ya yi ritaya, tun zamanin da ake yanka tef da reza.

Da na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila muka fara, The Dark Side of the Moon, kundin da ya fito a watan Maris na 1973, aka ɗauke shi a situdiyon Abbey Road da ke Landan. Shirin kansa a 2003 aka yi shi. Minti 50 ɗin nan sai da ya ci mana fiye da awa biyu, domin rimot yana hannun Kawu, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya tsayar ya yi nasa sharhin.

Inda muka fi daɗewa shi ne farkon waƙar "Money", wurin da ake jin ƙarar kwabbai da akwatin kuɗin kanti da yagar takarda suna tafiya a jere kamar kiɗa. Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya fara gwada abin ne a wata rumfa a bayan gidansa inda matarsa ke ginin tukwane, yana watsa kwabbai cikin kwano yana ɗauka. A situdiyo aka yanka sautuka 7, kowanne tsawonsa daidai da ɗan'uwansa, aka liƙa su, aka haɗa kai da gindi ya zama zobe. Zoben ya yi wa na'ura tsawo, sai aka zagaya da shi ta jikin sandar makirufo yana juyawa. Bugun waƙar ma 7 ne, ba 4 da kunne ya saba ba, sai an zo wurin jita take komawa 4.

Nan Kawu ya tashi, da ciwon gwiwar da komai, ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gwangwanin alewa. A ciki akwai wani ɗan ƙarfe mai tsawon tafin hannu, da kwari a tsakiya inda tef ke kwanciya, da tsaga a karkace inda reza ke bi. Akwai guntun fensir mai maiƙo, ruwan ɗorawa, duk ya bushe. Ya ɗora ƙarfen a gwiwarsa yana nuna min da yatsu: ka kama faifan biyu da hannu, ka riƙa murza su gaba da baya a hankali, sauti na gurnani kamar sa, har ka ji daidai inda kalma ta fara. Ka ɗiga fensir. Ka ja tef ɗin ka kwantar, ka yanka a karkace don kada a ji ƙas a wurin haɗin. Ya ce idan tef na gudun inci 15 a sakan ɗaya, tarin mai jawabi bai wuce tsawon yatsa biyu ko uku ba, kuma ya yanke tarin manya da "e to, e to" ɗinsu wanda da za a auna da ya kai daga nan har Zariya. Guntun da ka yanke kuma ba ka yar da shi, ka rataya a wuya ko a gefen tebur, don in shugaba ya ce a mayar, sai ka mayar.

Na ce, "Kawu, yanzu fa wannan duk danna biyu ne a kwamfuta."

Ya ce, "Shi ya sa ba ku tsoron kuskure. Mu reza ba ta san a dawo ba."

Abin da na lura da shi ni kaɗai, Kawu bai kula ba: 'yan Pink Floyd ɗin su huɗu ba a taɓa nuna su zaune wuri guda ba. Kowa da ɗakinsa, kowa da kayan kiɗansa. Waters ya bar ƙungiyar tun 1985, har da shari'a a tsakaninsu, shi da David Gilmour, mai jita, ba sa ga maciji. Amma mai haɗa shirin ya jera maganganunsu, wannan ya fara wancan ya ƙarasa, kai ka rantse hira suke yi da juna a tabarma ɗaya. Da na faɗa wa Kawu sai ya yi dariya ya ce ai shi ma mai shirin reza gare shi. Wanda ya fi shiga raina cikinsu Richard Wright ne, mai fiyano, mutum mai sanyin magana, yana nuna wani haɗin sauti da ya ce daga wurin Miles Davis, makaɗin jazz, ya tsinto shi, ba ɓoye-ɓoye. Ya rasu a 2008.

Sai aka zo kan "The Great Gig in the Sky". Waƙa ce ba kalmomi, mace ce kawai take kwarara murya, ta hau ta hau kamar za ta tsage, sannan ta sauko tana shessheƙa. Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Alhaji, lafiya? Wa ya mutu?" Kawu ya ce ai kuwa kin canka, a kan mutuwa aka yi ta. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama, ba ta koma ba.

Sunan matar Clare Torry. Injiniyan, Alan Parsons, shi ya kawo shawarar a kira ta. Ta zo wata Lahadi a watan Janairun 1973, tana da shekara 25, aka kunna mata fiyanon Wright, ba a ba ta ko baiti ɗaya ba, aka ce ta yi abin da ya zo mata. Ta yi, aka biya ta fam 30, ta tafi gida. Kundin ya shafe fiye da shekara 14 a jerin waɗanda aka fi saye a Amurka. Sauran labarin a waya na binciko shi, don ya faru ne bayan an yi shirin: a 2004 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta a wajen kotu, tun daga nan ake rubuta sunanta tare da na Wright a matsayin waɗanda suka ƙirƙiri waƙar. A da an rubuta cewa muryarta ce, amma ƙirƙira ta Wright ce shi kaɗai.

Musu ya kaure. Kawu ya ce aikin lada ne, an yi ciniki, ta karɓa, da kundin ya faɗi ai ba za ta mayar da fam 30 ɗin ba. Na ce Kawu, wanda aka ba waƙa ya rera daban, wanda aka ba fili ya ƙago daban. Cire muryarta ka gani me ya rage. Ya ce fiyano ya rage, kuma fiyanon ne ya ja ta. Hajiya ta ce, "Ku dai maza. 'Yar amshi ce ta fi mai waƙa, shi ne abin ya tsaya muku a wuya." Ta koma kan tukunyarta. Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya, amma maganar mayar da kuɗin nan ban samo mata amsa ba.

Muka yi azahar, muka ci dambu da man gyaɗa da yaji. Aka ɗauke wuta. Kawu ya ce a tayar da janareta, Hajiya ta ce man na firji ne ba na Turawa masu gashi ba. Muka zauna a baranda. A nan ya ba ni labarin cewa a kundin akwai muryoyin mutane suna magana ƙasa-ƙasa, an rubuta tambayoyi ne a kati aka riƙa tare duk wanda ke cikin ginin. An tambayi Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, ba a yi amfani da amsarsa ba, amma ta mai tsaron ƙofa, wani dattijo ɗan Ayalan, ita ce ta shiga. Wannan ya yi wa Kawu daɗi ƙwarai. Ya ƙara da cewa shi McCartney ɗin a wannan shekarar ta 1973 ya zo Legas ya ɗauki Band on the Run a situdiyon EMI na Apapa, har 'yan fashi suka tare shi da wuƙa suka tafi da kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa.

Wuta ta dawo bayan la'asar. Na zaɓi na Bob Marley, Catch a Fire, don shi dai na san shi, wa bai san shi ba. Wannan Kawu bai riga ya kalla ba. Da farko na yi mamakin ganin reggae a cikin kwalin rock, amma shirin da kansa ya ba da amsa. A 1972 Chris Blackwell na kamfanin Island ya ba The Wailers, ƙungiyar su Marley, fam 4,000, suka koma Kingston suka ɗauki waƙoƙin a kan tef mai layi 8. Marley ya kawo tef ɗin Landan. A situdiyon Basing Street, Blackwell ya zauna ya yi wa waƙoƙin kwaskwarima da gangan don su shiga kunnen Turawa masu sayen rock. Ya sa wani Ba'amurke ɗan Texas, John Bundrick, ya ƙara kiɗan madannai. Ya kira wani saurayi farar fata ɗan Alabama, Wayne Perkins, ya ƙara jita. Ko kwalin faifan an yi shi da siffar leta ta kunna taba, mai buɗewa ta sama. Ya fito a Afrilun 1973, wata ɗaya bayan na Pink Floyd, kuma ba a sa sunan mutanen nan biyu a jikinsa ba.

Perkins ya ba ni dariya, yana bayanin yadda ya rasa inda bugun farko yake, domin a reggae ana barin wurin fayau, nauyin ganga a bugu na uku yake faɗowa. Sai aka ja maɓallai aka bar jitarsa ta "Concrete Jungle" ita kaɗai, doguwar ƙara mai jan rai.

Na juya in yi wa Kawu magana, na ga ya sa hannu ya rufe baki. Rimot na cinyarsa, bai taɓa shi ba. Wannan ne karo na farko tun safe da aka yi minti goma bai tsayar da faifai ba.

Da aka gama ya ce, "Tun ina saurayi nake jin jitar nan. Na sa ta a iska ban san adadi ba. Wallahi na ɗauka daga Kingston ta fito." Na ce ko ransa ya ɓaci ne. Ya girgiza kai. Ya ce shi haɗin yake nema, wurin da aka ɗora Landan a kan Kingston, kunnensa na aiki ya bi waƙar daga farko har ƙarshe bai ji tabo ba, kuma duk wanda ya yi wannan haɗin ya iya aiki. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a shekarunsa na rediyo, mai gabatarwa kan ce "tare da taimakon injiniyoyinmu" a ƙarshen shiri, in lokaci ya ƙure kuma wannan layin ake fara yankewa. Ya ce sau da yawa shi da hannunsa yake yanke shi.

Ban san me zan ce ba, sai na ce an fitar da asalin ɗaukar Jamaika a 2001, ba jitar Perkins, ba ƙarin Landan, in yana so in nemo masa. Ya ce in nemo, amma kada in gaya masa wanne ne wanne, shi zai gane da kansa.

Da zan tafi Hajiya ta ƙulla min sauran dambu a leda, ta ba ni tsohuwar rigar sanyin Yaya. Na so in roƙi ƙarfen yankan tef ɗin nan, kunya ta hana ni, shi ma bai yi tayi ba, ya mayar da shi gwangwani ya danne murfi.

A hanya na sa abin kunne na saurari "Concrete Jungle" sau uku. Yanzu jitar ta ƙi komawa cikin waƙar, ina jin ta a gefe guda kamar baƙon da aka nuna min a taron biki. Ban sani ba ko gobe za ta koma.

Wankin yana nan yadda na bar shi. Ƙarfe tara da rabi Kawu ya sake kira, wai ya danna wani abu hoto ya ɓace, kuma yana tsakiyar na ƙungiyar Fleetwood Mac, an zo daidai inda ma'auratan cikinsu suka daina yi wa juna magana. Na ce ya nemi maɓallin da aka rubuta Source ya danna sau biyu. Ya ce ba ya gani, tabaransa na ɗaki. Na ji yana ƙwala wa Hajiya kira.