Rashin mutuwa a Elden Ring, gata ne ko azaba?

Jiya musu ya kaure tsakaninmu a shagon gem, wai a gem ɗin Elden Ring rashin mutuwa gata ne ko azaba. Wani abokina ya dage cewa Marika, sarauniyar duniyar gem ɗin, ta kyauta da ta cire Rune of Death, wato ikon mutuwa, ta damƙa wa mai tsaronta Maliketh ajiya, wai ai ba mai son mutuwa. Ni kam wallahi ban yarda ba.

Duk mai wannan ra'ayin ya sauka Deeproot Depths, can ƙarƙashin ƙasa, ya ga Godwyn ɗan Marika da idonsa. Ruhinsa aka kashe a daren baƙaƙen wuƙaƙe amma jikin ya ƙi mutuwa, ya kumbura ya zama ƙato har da wutsiya irin ta kifi, ido a buɗe ba kowa a ciki, kuma daga nan ruɓar ke bin saiwoyi tana tada matattu. Da na isa wajen sai da na ajiye pad, jikina ya yi sanyi. Su ma ƙwarangwal ɗin nan da kake kadawa su sake haɗuwa su miƙe in ba ka ƙara musu sara ba, su suka ce a tashe su? Shi ya sa na fi fahimtar Fia mai tausayinsu a kan D da ke farautarsu kamar su suka yi laifin.

FromSoftware, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun daɗe da wannan tunanin, tun gem ɗinsu Dark Souls na 2011 kana mutuwa kana dawowa har hankali ya gushe ka zama Hollow.

Abokina dai har muka tashi bai sauka ba. Ku da kuka buga, kuna bayan Fia ko D?