Bunsurun Kawu da kusun Amurka

Laraba, Tawa. An ɗauke kuran tun ƙarfe goma, sai na kwashi takardun 'yan ajina na koma gindin dogon yaro ina gyarawa. Ban kai rabi ba jan bunsurun Kawu ya tsinke igiya, ya afka wa na Inna. Karo uku, ƙahon ƙaramin ya tsage, jini na ɗiga kan ƙasa. Kawu ya ce gobe a kira mai fiɗiya, ya zama taure kowa ya huta.

Ni ce na ja zancen. Na ce masa, Kawu, abin ba a ƙasa kaɗai yake ba, yana cikin kai. Na ba shi labarin kusa, waɗanda 'yan Najeriya ke ce wa ɓeraye. A 2011, Dayu Lin da David Anderson na jami'ar Caltech a Amurka suka sa zare siriri mai kai haske cikin ƙwaƙwalwar namijin kusu, daidai wani ɗan lungu na haifotalamus, wani sashe da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa. Da sun kunna hasken sai ya kai hari, ko namiji ne gabansa, ko mace, ko ma safar hannu ta roba da aka hura. A 2014 aka gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki masu jin sinadarin istirojin ne, wanda muke koya wa yara a matsayin na mata. Ƙwaƙwalwar namijin ce da kanta ke juya testosteron, sinadarin maza, ya koma istirojin. Kuma in an taɓa ƙwayoyin kaɗan, kusun sai ya yi sunsune ya nemi hawa. In an ƙara ƙarfi, sai cizo. Barbara da faɗa, ɗaki guda suke kwana.

Kawu ya ajiye kofin shayi ya tafa hannu. "Kin ji ko, ɗiyata! Ashe Turawa ma sun gano. Namiji da faɗa aka halicce shi. To don me kuka sa yaron nan gaba?"

Yaron nan. Ɗan Kawu, wanda matarsa ke gidansu tun Juma'a, ido a kumbure, ita da goyonta. Ni na raka ta asibiti, ni na riƙe mata jaririn ana duba ta.

Na yi shiru. Inna na wurin, kuma ba a tashe mu da mayar wa Kawu magana gaban mutane ba. Na ci gaba da jan biro, amma ban san abin da nake gyarawa ba.

Azahar, tuwo miyar kuka, ban ci da yawa ba. Auta ya dawo lakwal takalmi a tsinke. Kuran ya dawo bayan la'asar.

Har yanzu abin na cina, don rabin labarin na ba shi, kuma rabin da ya yi masa daɗi. Ga sauran. A 2017 ɗakin binciken Nirao Shah a jami'ar Stanford ya tada ƙwayoyin wannan lungun a jikin kusa iri biyu. Wanda aka ware shi kaɗai a keji, faɗa yake nan take, ko da an fiɗiye shi. Amma wanda ya zauna cikin 'yan uwansa, in an sa shi kejin wani aka tada ƙwayoyin, ba ya kai hari. Ƙamshin mai gida ya ishe shi ya riƙe kansa, sai da aka toshe masa jin ƙamshin ya fara cizo. Kusu ke nan, da ba shi da uwa mai yi masa faɗa, ba liman, ba surukai. Zaman tare kaɗai ya taka masa birki. Balle mutum mai shekara talatin da ya san ana cewa bari.

Kuma aikin nan duk kan kusa aka yi shi. Ba wanda ya sa haske a kan ɗan Kawu kafin ya ɗaga hannu.

Na kira matarsa bayan isha'i. Ta ce idon ya fara buɗewa, jaririn na tari. Ta tambaya ko Kawu ya ce wani abu game da biko. Na ce sai gobe zan gaya mata.

Gobe mai fiɗiya zai zo da hantsi, Kawu zai zauna a zaure yana jiransa shi kaɗai. Lokacin zan shiga in gaishe shi, in ƙarasa masa labarin.