Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin Kuɗin Takarar Yaya

A makon jiya na tsaya ne a shekarar da muka tare a sabon gida, kuma bisa tsari kamata ya yi yau in kawo haihuwar 'yan biyu da rasuwar Inna. To amma wata tsohuwar magana da aka sake tayarwa a wurin sunan jikar Goggo ta hana ni sukuni, don haka zan tsallake waɗannan shekaru in tafi kai tsaye zuwa 2013, shekarar da Yaya ya tsaya takarar kansila a mazaɓarmu, ni kuma dangi suka ɗora mini riƙon kuɗin kamfe.

Ba don na fi kowa son siyasa aka zaɓe ni ba. An zaɓe ni ne domin kowa a gidanmu ya san ni na gaji littafin Baba, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka riske shi a kasuwar hatsi za su tuna ba ya ba da ko tiya ɗaya bashi sai ya rubuta da ajami, ya karanta wa mai karɓa, ya kira maƙwabcin rumfa ya shaida. Idan aka ce ya cika tsanani, sai ya ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Daga nan ya ƙara da tasa maganar, wadda na ji tun ina ɗaukar masa buta: "Kuɗin mutane da ba ka rubuta ba, kai ka ci su."

Ya kamata masu karatu na jihohi su fahimci cewa zaɓen ƙananan hukumomi a Babban Birnin Tarayya ya bambanta da nasu. A jihohi hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi bisa dokar majalisar jihar. Mu kuwa ƙananan hukumominmu guda shida, wato Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta cikin birnin Abuja, masu mazaɓu 62, hukumar zaɓe ta ƙasa INEC ce ke gudanar da zaɓensu, kuma dokar zaɓe ta tarayya ce ke hawa kanmu. Wadda ke aiki a lokacin ita ce ta 2010, kuma kafin in karɓi ko kwabo sai da na sa wani tsohon ɗalibina ya samo mini kwafinta, na zauna na karanta sashe na 91 zuwa na 93 kamar mai shirin jarrabawa. Ta ce ɗan takarar kansila kada ya kashe fiye da naira miliyan 1, na shugaban ƙaramar hukuma kada ya wuce miliyan 10, kuma mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan 1. Kansilan da ya ƙetare iyaka yana sane, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Akantan da ya yi coge a takardun kuɗin kuwa ɗaurin shekara 10 aka tanadar masa. Ni ba akanta ba ne, amma wannan layin na ja wa jan biro.

Na sayi littafi mai bango mai kauri, na raba shafi biyu, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita. Har gobe ina alfahari da abin da ke shafin dama. Sarkin fawa ya zo da kansa bayan sallar la'asar da kuɗin da mahauta suka haɗa, a ƙulle cikin baƙar leda, takardun sun yi laushi da maiƙo, ya zauna a tabarma muka ƙirga tare, ya dangwala yatsa a gefen sunansa, sannan ya ce abin da suke roƙo shi ne a sama wa mayanka ruwa. Matan unguwa suka ba da kwasa ɗaya ta adashensu. 'Yan acaba suka ce kuɗi ba su da shi, amma za su yi rakiya idan aka zuba musu mai, kuma a lokacin litar fetur naira 97 ce, na rubuta kowace lita. A shafin hagu akwai fosta, da hayar lasifika da kujeru, da sabulu da turamen atamfa, da kuɗin maroƙa, da abincin wakilan da za su tsaya a rumfunan zaɓe.

Saura kwanaki kaɗan a shiga zaɓen watan Maris, da dare, Yaya ya shigo zaurena tare da wani Alhaji ɗan kwangila wanda ba mazaunin mazaɓarmu ba ne. Alhajin ya ajiye ƙunshi a gabana, na jawo littafi na buɗe, sai ya ɗora hannunsa a kan shafin ya ce, "Malam, ajiye biron nan, ni ba a rubuta ni." Na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, sarkin fawa ma da ya girme mu duka an rubuta shi." Ya yi murmushi ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Haba ƙanena, taimako ne don Allah, kada ka kunyata ni a gaban baƙo." Na ce, "Yaya, in don Allah ne to biro ba zai rage masa lada ba, in kuwa da wata manufa ce, ai gara mutanen da za su zaɓe ka su san da ita." Ko ban ƙirga ba, kaurin ƙunshin ya nuna mini cewa idan aka haɗa shi da abin da muka riga muka kashe, mun yi wa miliyan ɗayan nan nisa. Na ce ba zan riƙe ba. Surukin Yaya ne ya ɗauka, kuma daga wannan dare kamfe ɗinmu ya zama mai asusu biyu, ɗaya a rubuce, ɗaya a aljihun babbar riga.

A nan sai in faɗi wani abu da na gano a dokar, wanda har yanzu yake ba ni takaici. Ta ce wajen lissafin abin da ɗan takara ya kashe, ba a sa kuɗin da ya ajiye wajen tsayar da shi, ba a sa abin da aka kashe kafin a sanar da ranar zaɓe, kuma ba a sa abin da jam'iyya ta kashe masa. Duk wanda ya taɓa shiga zaɓen fitar da gwani ya san inda kuɗi ke zuba, ya san abin da ake kai wa daliget gida-gida. An kulle ƙofar gaba da kwaɗo, an bar katangar baya a rushe.

Yaya ya ci zaɓe. Bayan an gama murna na nannaɗe littafina na kai wa sakataren jam'iyyarmu na ƙaramar hukuma, na ce ga lissafin ɗan takararmu, a haɗa da rahoton da za a miƙa. Ya juya shafi biyu, ya mayar mini, ya ce, "Malam, wa ya tambaye ka?" Wannan tambayar ta fi zagi yi mini ciwo, domin da na koma na sake duba dokar sai na ga yana da madogara. Ta gindaya wa ɗan takara iyaka, amma nauyin kai rahoto a wuyan jam'iyya ta ɗora shi: rahoton masu gudummawa cikin wata uku da bayyana sakamako, rahoton abin da aka kashe cikin wata shida, da sa hannun masu binciken kuɗi da na shugaban jam'iyya da takardar rantsuwa, sannan a buga a jaridun ƙasa aƙalla guda biyu. Jam'iyyar da ke lissafin kujerar gwamna da ta shugaban ƙasa, yaushe za ta tsaya kan ledar sarkin fawa? Mutumin mazaɓarmu kuma da bai taɓa sayen jaridar Turanci ba, ta ina zai san wanda ya ɗauki nauyin kansilansa?

Ba a yi wata biyu ba masu bin bashi suka fara sallama. Mai buga fosta ya zo da takardar wasu fostoci da ban taɓa sa a buga ba, mai motocin haya ya zo da tasa. Duk odar asusun aljihu ce, amma da yake ni aka sani da riƙon kuɗi, sai magana ta fita daga ɗakin matar Yaya cewa na ci kuɗin kamfe, da su ma na yi wa gidana silin. Goggo ta ɗauka ta yaɗa. Baffa ya tara mu a zaurensa bayan sallar Juma'a, ya ce in yi bayani. Ban yi rantsuwa ba, ban ɗaga murya ba. Na buɗe littafin na karanta tun daga shafin farko, suna da rana da adadi, har zuwa ragowar da na damƙa wa Yaya a gaban shaidu biyu, waɗanda duk suna zaune a wurin. Da na gama Baffa ya juya ga surukin Yaya ya ce, "To kai ina naka littafin?" Shiru ya yi yana kallon tabarma. Baffa ya ce ai ɗan'uwansa ya riga ya yanke wannan shari'a tun yana raye, kuɗin mutane da ba ka rubuta ba, kai ka ci su. Duk da haka har yau Goggo ba ta janye ba, kuma ba a taɓa zuwa an ce mini a yi haƙuri ba. Silin ɗin gidana da kuɗin gonar da na sayar na yi shi, takardar cinikin tana nan ga mai son gani.

Wanke ni da aka yi bai amfani mazaɓa da komai ba. Kansila ba ya ba da kwangila, amma yana da bakin da zai kai suna gaban shugaba, kuma sunan da Yaya ya kai na farko shi ne na Alhajin dare. Aka ba shi aikin magudanar ruwa, damina ɗaya ta tafi da rabinta. Mahauta kuwa, waɗanda suka dangwala yatsa da rana tsaka, har wa'adin Yaya ya ƙare da jarka suke sayen ruwan wanke mayanka. Da sunan Alhajin yana manne a bangon ofishin mazaɓa tun kafin zaɓe, da adadin da ya bayar, da ranar da aka ba shi aikin kowa zai gane abin da aka biya.

A watan Fabrairun 2022 aka sa hannu kan wata sabuwar dokar zaɓe, ta ɗaga iyakar kansila zuwa naira miliyan 5, ta shugaban ƙaramar hukuma zuwa miliyan 30, gudummawar mutum ɗaya kuma daga miliyan 1 ta koma miliyan 50, wato mutum guda zai iya ɗauke takarar kansila goma bai taka doka ba. A 2024 na ji hukumar zaɓen jihar Kano ta sanar da naira miliyan 10 a matsayin kuɗin fom na shugaban ƙaramar hukuma, da miliyan 5 na kansila, har magana ta kai kotu. Malamin firamare ko ɗan kasuwar ƙauye da ke son wakiltar mutanensa ba zai tara wannan ba sai ya nemi ubangida, ubangida kuma ba ya son biro. A watan Yulin 2024 ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin da ya ƙara wa kujerun daraja a idon masu zuwa da dare. Ra'ayina, kuma na faɗa a duk taron da aka ba ni dama, shi ne a wajabta wa ɗan takara shi kansa, a Abuja da kowace jiha, ya miƙa sunayen waɗanda suka ba shi da abin da ya kashe tun daga zaɓen fitar da gwani, a liƙa a mazaɓa yadda ake liƙa rajistar masu zaɓe, da Hausa ko harshen mutanen wurin, kuma wanda bai miƙa ba kada a rantsar da shi.

Da zaɓen 2016 ya ƙarato Yaya ya sake sallama a zaurena, wannan karon shi kaɗai, yana neman in sake riƙe masa kuɗi. Sharuɗɗan da na gindaya masa, da yadda Baffa ya shiga tsakaninmu, su zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.