Ƙullin rini ne ya farfaɗo da hannuna

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Da safe a tari adaidaita sahu, a wuni gaban kwamfuta ana shigar da lambobi, a dawo a ɗora tukunya, a kwanta da waya a hannu. Ni da nake zana furanni a bangon littafi har 'yan ajinmu suna kawo mini nasu, sai ga shi ko lallen salla sai dai a yi mini.

Wata maƙwabciyarmu da ke karɓar aikin ƙulli daga marina ita ta koya mini: a tsinko yadi da yatsa, a naɗe da zare, a ja tam, duk inda zare ya matse shuni ba zai shiga ba. Koyon bai ba ni wuya ba. Yadin ne ya cuce ni, ko in ce mai yadin.

Na tambaye shi fari, auduga zalla, na gaya masa rini za a yi. Ya rantse. Na kwashe makonni, kullum bayan isha'i ina ƙulli, har zare ya tsattsaga mini yatsu. Na ɗauka zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda aka rubuta 1498 a ƙofarta. Rijiyoyin rini a jere, wasu sun daɗe da ƙafewa, rijiyoyin da ke aiki an kife su da murfi, warin ganyen baba da toka da kanwa da suka jiƙu yana tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Wani dattijo ya karɓa, ya tsoma, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa. Na wasu yana ta duhu, nawa kuwa da aka ɗauraye sai ya koma toka-toka.

"'Yar nan, a ina kika sayi wannan?"

"Baba, auduga ce, haka aka ce mini."

Ya zaro zare ɗaya daga gefe ya kyasta masa ashana. Zaren ya nannaɗe, ya narke, ya dunƙule ya yi tauri. Roba ce aka gauraya. Na auduga ci yake ya zama toka mai laushi, yana warin ƙonanniyar takarda. Kuɗin bai dame ni ba kamar dararen nan. Wanda ya daɗe bai ƙirƙiri komai ba, in aikinsa na farko ya lalace, abu kaɗan ke mai da shi inda ya fito, kuma wallahi saura ƙiris in ajiye zaren.

Dattijon ne ya ce in nemo akoko, wato yadin auduga zalla, in wanke sitacinsa tas, kada kuma in wuce girman ɗankwali. Shi na kawo. Da ya ɗago shi daga rijiya sai na gan shi kore shar, gabana ya faɗi. Ya ce in dai zuba ido. Iska na bugunsa koren ya fara juyawa, daga kan ƙulle-ƙullen yana malala, har ya zama shuɗi a gabana. Ashe shunin cikin rijiya sai ya haɗu da iska yake kama zare ya nuna launinsa, shi ya sa ake ta tsomawa ana ɗagawa. A gida na zauna da reza ina warware ƙulli ɗaya-ɗaya, fararen zobba suna fitowa, wasu a karkace, ba biyu da suka yi daidai. Rabona da in ƙagu in ga ƙarshen wani abu haka, na manta.

Tun daga nan idona ya buɗe. Ina cikin adaidaita nake ƙare wa zanen bangon tsofaffin gidajen cikin gari kallo, da askar wuyan babbar riga, ina lissafin yadda za su fito da ƙulli. Aikin ofis yana nan yadda yake, amma yanzu akwai abin da ke jirana in na tashi.

Har yau in na tuna rantsuwar mutumin nan raina sai ya ɓaci. Da ya ce gauraye ne, ai sai in wuce shago na gaba. Duk mai son gwadawa, don Allah kada ki ɗaura ƙulli ko ɗaya sai kin ƙona zare, a gaban mai shagon ma in da hali, in ya hana ki bar masa kayansa. Yanzu mayafi nake ƙullawa, kuma wannan karon zan kai wa masu bugu su daka shi ya yi sheƙi.