Bututun da ya daɗe babu ruwa

Maƙwabcina mutumin Bama ne, tun 2014 da Boko Haram suka ci garin ya gudo Kano da iyalinsa, muke zaune a Kurna. Kwanaki ya je ya leƙo gida, ya dawo yana ba ni labarin famfo, wallahi na zata in an tada inji shikenan ruwa ya zo, ashe ba haka bane.

Wai bututu in ya shekara babu ruwa tsatsa ke cin cikinsa, mahaɗa ta saki, ranar da aka sako ruwa rabi a ƙasa zai tsiyaye, in ƙarfin ruwan ya ragu kuma ruwan kwata ya zuƙo ta wajen fashewar, kai kana murna ka tara a jarka. Dole sai an bi layi-layi an tono, a canza na canzawa, a wanke da kulorin tukunna.

Na ce masa Malam ai mu ma nan da ba mu gudu ba, tun shekarun 1930 aka gina matatar Challawa, amma layinmu yau ƴan ga-ruwa ne famfonmu. Dariya kawai ya yi, ya ce in miƙo masa buta.