Neman garin da ya ɓace daga taswira: aikinmu da kundayen cocin Ingila

Yawancin masu zuwa ɗan ofishinmu na binciken asali, matsalarsu iri ɗaya ce. Sun samo shafin baftismar kakan kakansu a wani kundin coci na Ingila, an rubuta inda iyayen suke zaune, amma sun duba Google Maps har sun gaji, babu wuri mai wannan suna. Wasu har sun fara zargin kundin. Sau da yawa kuwa kundin lafiyarsa ƙalau, nema ne aka fara ta inda bai dace ba.

Kafin mu taɓa taswira, sai mun tabbatar an karanta sunan daidai. Tun 1538 aka umarci cocin Ingila su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma har zuwa 1733 da yawa da Latin ake rubutawa. A tsohon rubutun hannu harafin s mai tsawo kamar f yake, u da n kuma sai ka rantse abu ɗaya ne. Don haka ba ma dogara da jerin sunayen da aka buga a intanet, hoton shafin muke nema, mu gwada kowane harafi da wasu kalmomin da hannun nan ya rubuta. In akwai kwafin da ake aika wa bishop duk shekara, mu kwatanta su biyun.

Sai furuci. Magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Wymondham da ke Norfolk ana kiransa "Windam", Brighton kuwa a tsoffin takardu Brighthelmstone ne. Wanda ya san yadda Sakkwato ta koma Sokoto a bakin Bature ba zai yi mamaki ba.

Amma abin da ya fi yawa, kuma ya fi cin lokaci, shi ne wurin bai taɓa zama gari ba. Gona ce, ko gidaje uku a bakin rafi. Daga 1813 aka fara amfani da kundi bugagge mai gurbin mazauni, kuma malamin coci yakan sa sunan da mutanen yankin kaɗai suka sani. A nan taswirar zakkar coci ce maganin abin. Bayan dokar zakkar coci ta 1836 an auna gundumomin coci da dama gona-gona, kowace da lamba. Tare da taswirar akwai littafin da ke faɗin sunan gonar, mai ita, wanda ke nomanta, da faɗinta a eka. Kwafi uku aka yi, ɗaya yana ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kew. Mukan samo sunan a littafin, mu ɗauki lambar zuwa taswira, sannan mu ɗora ta a kan tsohuwar taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, mai inci 6 a kowane mil, wadda ɗakin karatu na ƙasa na Scotland ya sa a intanet kyauta. Gini yana rushewa, amma lanƙwasar rafi da mararrabar hanya ba kasafai suke motsawa ba, da su muke daidaita taswirorin. Sai dai ba kowace gunduma ce ke da wannan taswira ba. Inda babu, sai a koma takardun rabon filaye da wasiyyoyi.

Akwai kuma waɗanda suka ɓace da gaske. Teku ta cinye yawancin Dunwich. Sojoji sun kwashe mutanen Imber da Tyneham a 1943, ba su dawo ba. Mardale Green na ƙarƙashin ruwan Haweswater, dam ɗin da aka gina a shekarun 1930 don ba Manchester ruwan sha. Mai neman dangi a can, ƙauyen Shap zai nufa: Mardale reshen cocin Shap ne, a da can ma bisa doki ake ɗaukar gawa a tsallaka tsauni a kai ta Shap, kuma kafin ruwa ya taso aka mayar da ƙasusuwan maƙabartar Mardale zuwa Shap. Lardin ma, Westmorland, an narkar da shi cikin Cumbria a 1974, don haka mai nema da sunan lardin yau zai iya wuce takardun bai sani ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne kama suna na farko da ya yi kama. Ingila cike take da garuruwa masu suna Newton da Sutton. Mu dai mukan fara daga cocin, mu zagaya mil 10, abin da mutum zai taka da ƙafa ɗauke da jariri, ba ma faɗaɗawa sai mun ƙare wannan. Kuma ba ma rubuta wa mai aiki cewa an gano wurin sai takarda ta biyu ta goyi baya, kamar ƙidayar 1851 wadda ta rubuta mahaifar kowa. In ba a samu ba, rahoton zai ce "mai yiwuwa", tare da jerin kundayen da aka duba. Kuɗin aiki na awannin da aka yi ne, an gano ko ba a gano ba, kuma wannan muna faɗa tun ranar farko.